Daga Masaka zuwa Sakatariya: tafiyar awa nawa ta dace da ma'aikaci?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka sam mini fili a jaridar nan in taɓo wata magana da ke cin ma'aikatan Abuja, wadda ba kasafai take hawa shafin jarida ba, sai dai a yi ta mitarta a cikin mota har a sauka. Maganar tazarar da ke tsakanin inda mutum yake kwana da inda yake neman abinci ce, da iyakar abin da ya kamata a ce yana jurewa kullum.

Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, mutumin Funtuwa, ina zaune a Masaka ta jihar Nasarawa, aikina kuma a tsakiyar birnin Abuja. A kan hanyar nan furfura ta same ni. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yaranmu na gida da Allah ke ba aiki a Abuja. Da an miƙa wa yaro takardar kama aiki sai ka ji kira: "Kawu, an nuna mini ciki da falo a Kuchikau, kusa da Masaka, da araha sosai, dillalin ya ce minti arba'in ne zuwa gari. In biya?" Na gaji da maimaita amsa a waya, gara in rubuta kowa ya karanta.

Amsata ita ce awa guda. Daga ƙofar gidanka zuwa ƙofar ofis, minti talatin zuwa arba'in shi ne daidai. Awa guda ita ce iyakar da lafiyayyen mutum zai iya ɗauka shekara da shekaru bai lalace ba. Abin da ya haura haka, ko bai gani a aljihunsa ba, jikinsa da iyalinsa ne ke biya.

Sai dai a san yadda ake awon. Ranar Lahadi da hantsi dillali yake kai mutum ganin gida, lokacin da titi fayau yake, kuma a ranar lallai minti arba'in ɗin ne, don daga Masaka zuwa Sakatariyar gwamnatin tarayya bai wuce kilomita talatin ba. To ba ranar Lahadi ake zuwa aiki ba. Wanda yake son sanin nisan gidansa, ya gwada ranar Litinin, cikin damina, bayan an kwana ana ruwa. Kuma ya fara lissafi tun daga lokacin da ya ja ƙofarsa: tattakin da zai yi cikin laka kafin ya sami ɗan acaba, acabar zuwa bakin titi, tsayuwar jiran mota, kokawar shiga, sannan tafiyar ƙafa daga inda aka sauke shi zuwa ofis. Duk wannan hanya ce. Dillali ba ya ƙirga ta don ba shi zai bi ba.

Ƙarfe takwas ake fara aiki a ma'aikatun tarayya, a tashi ƙarfe huɗu. Wanda yake so ya sa hannu a rajista kafin a ja jan layi, to biyar da rabi ta same shi a bakin titi. Kowa a unguwarmu ya san cewa jinkirin minti goma sha biyar wajen fita yakan koma jinkirin awa guda wajen isa. Shi ya sa a masallacinmu, ranakun aiki, liman yana sallame sallar asuba za ka ji ƙarar takalma. Babu zaman azkar, babu gaisawa da maƙwabci, rabin sahu ya watse kafin a shafa addu'a. A watannin da alfijir ke jinkiri, wasu ba sa ma jiran jam'i, sai su yi sallar a wani gidan mai a Nyanya ko su kai ta ofis. Ka zaga wurin ajiye motoci na ma'aikatu da ƙarfe bakwai saura, za ka ga magidanta sun kwantar da kujerar mota, sun rufe fuska da hula, suna rama barcin da hanya ta ƙwace. Sun gwammace su iso da wuri su kwanta a mota, da su ƙone mai a gosulo.

Wanda kuwa ya makara, ya san karatun. Daga Masaka zuwa Ado da sauƙi. Daga One Man Village abin ke fara ɗaurewa. Kafin a kai Mararraba, titin ya tsuke: 'yan kasuwa sun baje kaya har kan kwalta, motocin haya sun tsaya tsakiyar hanya suna lodi, kwandasta ya leƙo rabin jikinsa yana kiran "AYA! Berger! Area One!", 'yan acaba na biyo hannun da ba nasu ba. Masu motocin gida, da yawansu ma'aikata ne irina, su ma sun zama 'yan kabu-kabu don su haɗa kuɗin mai: huɗu a baya, biyu a gaba. Na sha zama a kujerar gaban nan, ni da wani ƙato, giya tana bugun gwiwata duk lokacin da direba ya canja ta. Mutum ya goge kaftaninsa da dare, ya isa ofis kamar an tauna shi. Ga tsoron 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi su yar a hanya, wanda ya sa sai ka ƙare wa fuskokin da ke cikin mota kallo kafin ka sa ƙafa, alhali na bayanka yana ture ka zai shige.

Daga nan sai gadar Nyanya, gadar Karu, hawan Kugbo ta gefen masu kujeru da gadaje, barikin soja, sannan mahaɗar AYA, mashigar birni. Ƙofa ɗaya ce tal ga duk jama'ar Karu, Nyanya, Jikwoyi, Kurudu, Mararraba, Ado, Masaka har zuwa Keffi. Mota guda ta mutu a hawan Kugbo, to an gama da safiyar kowa.

Komawa gida ta fi zafi, don a lokacin ƙarfin mutum ya ƙare. In ka bar ofis huɗu daidai, ka yi sa'a. In oga ya riƙe ka zuwa biyar da rabi, magariba a hanya za ta same ka, isha ma wataƙila. A watan azumi kowa yana da dabino a aljihu. Ana kiran salla za ka ga hannuwa na fita ta taga ana sayen fiya-wata, direba ya miƙo nasa dabinon baya, mu yi buɗa-baki da baƙin da ba mu san sunayensu ba, kunun da aka dama mana a gida kuwa ya huce kafin mu kai. Gangaren Kugbo da yamma kuma wurin addu'a ne, saboda tifofi da tireloli da birki ke ƙwace wa. A watan Maris na 2025 wata babbar mota ta afka wa jerin motoci kusa da gadar Karu, wuta ta tashi, mutane suka ƙone a hanyarsu ta komawa gida. Kafin wannan, wa zai manta safiyar 14 ga Afrilu, 2014, da bam ya tashi a tashar Nyanya ya hallaka mutum fiye da 70? Masu sammakon zuwa nema ne, irinmu. Allah ya ji ƙansu. Shingayen binciken da suka biyo baya sun ƙara wa hanyar tsawo na lokaci mai tsawo, kuma babu wanda ya iya cewa komai, don tsaro ne.

Yanzu a zo ga lissafi, tunda da araha ake jan yaran. Awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, awa ashirin ke nan a mako. Aikin da ake biyan mutum dominsa awa arba'in ne. Wato yana ƙara rabin makon aiki a zaune cikin mota, babu mai biyansa sisi, shi ma ke biya. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Cikin kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin mota ya bi sahu, kuma a hanyarmu ba shi da tsayayyen farashi: na safe daban, na hantsi daban, in hadari ya haɗo kwandasta ya ƙara. A ƙaddara mutum yana kashe naira 2,500 a rana tsakanin acaba da mota, zuwa da dawowa. A kwanakin aiki 22, naira 55,000 ke nan a wata, 660,000 a shekara. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ka ɗora wannan a kan kuɗin hayar gidan nan mai araha, ka ga ko har yanzu sunansa mai araha.

Kada a ɗauka mazauna Masaka ba su iya lissafi ba ne. Mun iya. Matsalar ita ce kuɗin mota da kaɗan-kaɗan yake fita, kullum daga aljihu, mai gida a Garki ko Wuse kuwa na shekara yake so a dunƙule, ga kason dillali, ga na lauya, ga kuɗin ajiya na ko-ta-kwana. Ƙaramin ma'aikaci zai iya fitar da dubu biyu da rabi kowace safiya, ko da rance ne, amma ba zai taɓa tara miliyoyi a hannu lokaci guda ba. Saboda haka yake zaɓar abin da ya fi tsada, don shi ne ake biya a gutsure.

Abin da ya fi kuɗin ciwo a gida yake. Na fita yara na barci, na dawo ƙananan sun yi barci. Uwarsu ce mai zuwa taron iyaye a makaranta, ita ke kai mai zazzaɓi asibiti, ita malamin Islamiyya ya sani. Akwai lokacin da aka ƙara wa ɗana izu, ban sani ba sai da na ji yana biya wata sura ranar Asabar. Haka zumunci. Suna da sassafe ake yi, lokacin muna Mararraba. Maƙwabci ya rasu ranar Talata, a yi masa sutura kafin azahar, kai kana ofis sai dai ka ji a waya, ka je gaisuwa da dare kana hamma. A hankali mutum yake zama baƙo a layinsu, ana ce masa "mai farar motar nan" ko "wanda ke aiki a gari". Ranar Asabar da ya kamata a ziyarci dangi, barci ake yi da wanki.

Mata ma'aikata kuwa nasu ya ninka namu. Akwai wata baiwar Allah da muke yawan haɗuwa a mota, ma'aikaciyar jinya ce. Kafin ƙarfe huɗu take tashi ta ɗora abincin karin kumallo da na makarantar yara, ta shirya su, ta goya na goye ta kai wa mai raino, sannan ta zo ta yi kokawar mota da maza. Da mota ta tashi take jingina kai da gilashi ta yi barci, jaka rungume a ƙirji. Wannan ce za ta je ta auna wa marar lafiya magani. Ni dai da ni ne a kan gadon, da na so a ce ta ƙoshi da barci.

Batun awa guda ba ni na ƙirƙiro shi ba. Wani masani ɗan Italiya, Cesare Marchetti, ya yi rubutu a 1994 yana nuna cewa tun zamanin tafiyar ƙafa har zuwa na jirgin ƙasa da mota, ɗan Adam kusan awa guda yake warewa a rana don zirga-zirga, rabi zuwa rabi dawowa, kuma girman birane ma da wannan yake tafiya. Ni na ninka masa ma, na ce awa guda kowane ɓangare, don na san ƙasar da nake. Amma tun kafin in ji labarinsa na ga abin a gida. Kakana yana da gona kusa da gari, yana da wata can nesa. Ta kusa yakan je ya dawo ya ci tuwon dare a zaure. Ta nesa kuwa, da damina ta kankama sai ya kafa bukka a can ya tare, don ya san wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a hanya ba zai iya da fartanya ba. Bai yi boko ba, amma bai taɓa yarda ya yi tafiyar awa huɗu don aikin awa takwas ba.

To yaya aka yi muka tsinci kanmu a haka? A 1976 gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar gina Abuja, kuma cikin dalilan barin Legas har da cunkoso. Aka tare a Disambar 1991. A farko ma'aikata da yawa suna cikin gidajen gwamnati a Garki, Wuse, Karu da Nyanya. Zamanin Obasanjo aka kawo tsarin mayar da alawus kuɗi, aka sayar da gidajen nan ga waɗanda ke ciki da masu hali. Waɗanda suka samu sun dace, mu da muka zo daga baya sai haya. A shekarun ne kuma aka yi rusau a unguwannin talakawa da ke kusa da gari irin su Idu da Karmo, jama'a suka fantsama zuwa Nasarawa da Suleja. A 2006 aka hana acaba a cikin birni, a 2013 aka hana ƙananan bas shiga, da alƙawarin manyan bas za su maye gurbinsu. Manyan bas ɗin ba su taɓa isar jama'a ba. Jirgin ƙasan cikin birni da aka buɗe a 2018, ya tsaya lokacin korona, aka sake tayar da shi a Mayun 2024, ta Idu da filin jirgin sama da ɓangaren Kubwa ya bi. Ɓangarenmu, inda tururuwar ma'aikata take, ko ƙarfen dogo guda ba a shimfiɗa ba. Hanyar Karshi zuwa Apo da aka ce za ta zama ƙofa ta biyu, tun 2011 aka ba da kwangilarta, aka shafe fiye da shekara goma ana jiran ta. Duk wata kuma ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashinmu zuwa asusun gidaje na ƙasa. An gina birnin da ke buƙatar masinja da direba da malamar asibiti da ƙarfe takwas, amma ba a tanadar musu wurin kwana a cikinsa ba.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce je ka Legas ka gani, masu tasowa daga Ikorodu ko Sango sun fi mu shan wuya. Gaskiya ne, amma ciwon wani ba ya warkar da nawa, kuma don gudun zama Legas aka gina garin nan. Wani zai ce ka gode wa Allah da kake da aikin zuwa. Alhamdulillahi, ina godiya dare da rana. Godiya ba ta hana a gyara hanya. Akwai kuma abokin aikina da ke cewa shi lokacin mota ne kawai nasa na kansa: yana jin labaran BBC na shida da rabi, yana sauraren tafsiri a waya, har ya haddace surori a gosulo. Wannan na yarda da shi rabi. Awa guda a zaune a kujerarka kai kaɗai, a bas mai tsari ko jirgin ƙasa, ba ɗaya take da awa guda kana taka kuloci kana zagin ɗan acaba ba. Da za a ba ni jirgi daga Masaka mai tashi a kan lokaci, da na ƙara wa iyakar tawa minti ashirin ban yi gardama ba. Abin da ke gajiyar da mutum har da rashin sanin yaushe zai isa.

Wasu sun zaɓi hanyar kakana: sun bar iyali a Kaduna, Zariya ko Kano, sun kama ɗan boskwata su uku ko huɗu a cikin gari, Juma'a da yamma su tafi, Lahadi su dawo. Jikinsu ya fi namu hutawa, ba shakka. Sai dai gida biyu suke riƙewa da albashi ɗaya, kuma hanyar Kaduna ta koya wa kowa tsoro, musamman bayan harin jirgin ƙasa na Maris 2022. Ga saurayi marar iyali, wannan ita ce shawarar da nake bayarwa ba tare da jinkiri ba: ka haɗa kuɗi da abokai ku kama ɗaki kusa da aiki, ko da ƙanƙane ne. Ciki da falon Kuchikau ya jira ranar aure.

Ga hukumomi kuma, akwai abin da ba ya buƙatar bulo ko siminti. Me ya sa dole kowa ya shiga ta ƙofa ɗaya a sa'a ɗaya? A raba lokacin fara aiki, wasu bakwai, wasu tara, wasu goma, cunkoson zai ragu tun a makon farko. Jihar Kaduna ta koma aikin kwana huɗu a mako a Disambar 2021, Kwara ta rage wa ma'aikatanta zuwa kwana uku a 2023 bayan cire tallafin mai, kuma sama ba ta faɗo ba. Ayyuka da yawa a ofisoshinmu kwamfuta da waya kawai suke buƙata. Ma'aikatun da ke da motocin ɗaukar ma'aikata su gyara su, su fitar da su kan hanya, maimakon a bar su a harabar ofis tayoyi sun sace. A kwashe kasuwa da lodi daga kan kwalta a Mararraba, a yi musu wurin kirki, kuma wannan aikin sai gwamnatin Nasarawa da hukumar birnin tarayya sun zauna tare, don gosulo bai san iyakar jiha ba. Sannan shugabannin ofis, ranka ya daɗe, kafin a ba ƙaramin ma'aikaci takardar tuhuma kan makara, a tambaye shi daga ina yake tasowa. Mai zaune a Asokoro da direba yana jiransa a ƙofa bai kamata ya auna na Masaka da agogonsa ba. Taron ƙarfe huɗu da rabi ma a rage shi, don Allah.

Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilinka ya kwana a Masaka ko Ado ranar Lahadi, ya fito da mu Litinin da asuba, ya dawo da mu da yamma, ya rubuta abin da ya gani da lokacin da ya ɗauka. Ya yi haka a hanyar Suleja da Zuba, da ta Gwagwalada. Ina kuma so in ji daga masu karatu na Kano da ke shigowa daga Wudil, Bichi ko Kura kowace safiya, ko awa gudan nan tawa ta yi musu daidai.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani ma'aikaci daga Masaka,
Ƙaramar Hukumar Karu, Jihar Nasarawa.